Daminar da Gawayi Ya Ƙi Kamawa

Yau kwana tara ke nan rana ba ta leƙo Agege ba. Ruwan ba mai ƙarfi ba ne, irin wanda yake zuba a hankali ne kamar ba shi da wurin zuwa, har bango ya fara gumi, ashana ta ƙi kamawa, tufafin da aka shanya a ɗaki su ɗauki warin funfuna. Ranar Lahadi a majami'a wani matashi ya shigo da jaririnsa ɗaure a ƙirji cikin irin jakar nan ta zamani mai igiyoyi, matarsa na biye da lema. Dattawan bencinmu suka zunguri juna. Wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Saura ya ba shi nono." Aka yi dariya a tafin hannu. Ni ban iya ba. Na sunkuyar da kai kamar mai neman waƙa a littafi, alhali wata damina ce ta dawo mini, wadda ta wuce shekara arba'in da ɗoriya.

Ni mutumin wani ƙauye ne a kudancin ƙasar Katsina. Mahaifina ya karɓi bishara tun ba a haife ni ba, amma wurin wani malami maƙwabcinmu ya tura ni na koyi ajami, har yau kuwa in zan yi magana da Allah a takarda daga dama nake farawa. Bangaskiya ta sauya abubuwa da yawa a gidanmu, sai dai ba ta taɓa kunyar ɗan fari ba. Ni ne ɗan farin. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. "Kai" nake, ko "yaron nan". Bai taɓa ɗaukata ba, in kuma na yi zazzaɓi ƙaninsa ake aikowa ya duba ni. Ban ɗauki wannan a kan ƙiyayya ba. A wurinmu haka mutumin kirki yake, ba ya nuna wa duniya abin da ya haifa da fari, ba ya kiran sunansa, ba ya taɓa shi a gaban mutane. Da wannan tarbiyya na sauka Legas, da keken ɗinkina da amaryata Hannatu.

Ɗaki ɗaya muka kama a bayan layin dogo, a gidan Iya Rabi. Tsohuwa ce Musulma, haifaffiyar Legas, jikar fataken goro, Hausa da Yarbanci duk a baki ɗaya suke fito mata. Ba ta taɓa kirana da sunana ba ita ma, amma nata ba kunya ba ce. Tela kawai take ce mini.

Daminar shekarar ta zo da nauyi. Kwata ta cika ta dawo cikin gida. Kowace safiya maza da mata mukan jeru da bokitai da kwanoni muna kwarfe tsakar gida, kafin azahar ruwan ya koma inda yake. Gadaje duk an ɗora su a kan bulo. Motocin kayan gwari suka rage saukowa daga arewa, miya ta koma ruwa da gishiri da ɗan manja. Kananzir ya ɓace, in ka ji an ce ya zo wani wuri, kafin ka isa da galan ya ƙare. Risho ɗaya ne ya rage mai aiki a gidan, ɗaki shida muna karɓa-karɓa.

A cikin wannan kwarfar ruwa ne naƙuda ta kama Hannatu, wata safiyar Talata, cikin yana wata bakwai. Ta haihu a wani ɗan asibiti kusa da mu. Mace ce. Da aka miƙo ta, Iya Rabi ce ta karɓa, ni na tsaya nesa da hannuwana a baya, na saci kallo sau ɗaya. Ba ta cika tafin hannu biyu ba. Fatarta ja ce, siririya, ana ganin jijiyoyi ta ciki. Kunnenta in ya lanƙwashe sai ya zauna a haka kamar ɗanyen ganye. Kukanta bai kai na ɗan kyanwa ba.

Muka shiga danfo, ƙaramar bas ta haya, da ita zuwa babban asibiti, ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Akwatunan gilashin da ake saka bakwaini, waɗanda muke kira kwalba, duk da jarirai a ciki. Wata ma'aikaciya ta dube mu da tausayi ta ce mu koma gida, mu riƙa ɗiga mata nono kaɗan-kaɗan, kuma ko mene ne za mu yi, kada sanyi ya taɓa ta.

Wannan bai ba ni tsoro ba da farko, don na san yadda ake yi a gida. Akan naɗe bakwaini da auduga, a rufe ɗaki, a ajiye kaskon garwashi. Na sayo kasko. Gawayi ne ya gagara. Duk buhun da na taɓa a kasuwa a jiƙe yake sharkaf. Na kawo na shanya a ƙarƙashin gado, na fifita har hannuna ya sage, hayaƙi kawai yake yi mai sa hawaye, Iya ta ce in fitar da shi kafin ya kashe yarinyar. Na faskara kujerar ɗinkina, ta ba mu garwashin wuni ɗaya. Na faskara murfin keken. Maƙwabcinmu ya ba da ƙafar benci. A rana ta uku babu sauran busasshen abu a gidan.

A ranar kuma zazzaɓi ya kwantar da Hannatu. Babu ruwan zafin wankan jego, babu kunun kanwa, babu uwa ko gwaggo a kusa. Sai rawar sanyi, sai surutai, wani lokaci ba ta san inda take ba. Iya ta ɗauke jaririyar daga gefenta don kada ta danne ta. Na rubuta wa mahaifiyata wasiƙa da ajami na ba wani direban motar shanu, na san kuwa amsa ba za ta zo da wuri ba.

Rana ta huɗu da hantsi Iya ta kira ni cikin ɗaki. Ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙafar yarinyar. Shi ne karo na farko da na taɓa ta. Sanyi kamar ƙasan randa.

"Tela, cire riga."

"Na'am, Iya?"

"Cire riga na ce. A ƙirjinka za ta zauna, fata da fata. Haka na ga wata ungozoma ta yi wa jikan ƙawata."

Na ce, "Iya, 'yar fari ce."

"To? Ta biyu ce za ta zo ta ɗumama ta?"

"A wurinmu ba a yi. Ke ki ɗaura ta mana."

Ta buga ƙirjinta, ƙashi ya amsa. "Dubi nan. Wane ɗumi ka gani? Ga tari ina fama da shi, in zuba mata? Uwarta ba ta san kanta ba. Duk gidan nan kai kaɗai ne wutar da ruwa bai kashe ba. Oya, maza, kunyarka ka ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi, in ta rayu ka ɗauki abarka."

Na cire. Ta kwantar da ita a tsakiyar ƙirjina kamar ɗan kwaɗo, kai a gefe, ta sa mata hular da ta yanka daga safa, ta ɗaure mu tare da zanen Hannatu. Na ɗauko wata riga mai faɗi da aka kawo mini ɗinki na zura a kai, don ko wani ya leƙo ya ce tumbi na yi.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Da gari ya waye Iya takan tatsi nonon Hannatu a ɗan kofi, ta zo ta buɗe wuyan rigar, ta ɗiga wa yarinyar da ƙaramin cokali. Ɗigo uku, a jira ta haɗiye. Wani lokaci ba ta haɗiyewa, sai ya gangaro mini a ciki. Maƙwabta suna kwarfar ruwa a waje ina jin ƙarar bokitai, ba ni da ikon fita in kama musu, ba wanda ya ce mini komai. Da rana matar ɗaki na uku takan kawo garin rogo jiƙaƙƙe da ƙuli-ƙuli, in ci a kishingiɗe, hannu ɗaya a tallafe da ita. Keke na tsaye a lungu ba murfi, tsatsa ta fara cin ƙafarsa. Yunwa takan sa in ji jiri in na miƙe, sai na fara tsoron kada jikina ma ya huce. Bayana ya ƙage. Sauro ya gane ba na iya kai masa duka. Ruwa kuma yana ta kaɗa kwanon rufi, sauti ɗaya, safe da yamma.

Abin da ya fi wuya shi ne numfashinta. Takan ja sau biyar, shida, sai ta tsaya. In ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, har sai na ji ɗan motsin ya dawo a kan fatata. Ba abin da zan iya yi a tsakanin. Ina da huhu biyu cike da iska, ba ni da hanyar ba ta ko rabin cokali. Addu'ata ta gajarce har ta koma kalma biyu, ya Uba, ya Uba. A zaman nan ne na fara lura da abin da nake faɗa. Tun ina yaro nake kiran Allah Uba, amma uban da na sani shi ne mai tsayawa nesa da hannuwa a baya, mai aiko ƙaninsa. Ga wannan 'yar abu kuma, ba ta san ni ba, ba ta taɓa buɗe ido ta dube ni ba, ba abin da ta yi mini sai fitsari, amma da za a ce in ba da hannun da nake ɗinki da shi a kan numfashinta na gobe, da ban tambayi wanne ba. Ban san daga ina wannan ya zo mini ba. Ba ni na dasa shi ba.

Ranar bakwai fasto ya zo da wando a naɗe har gwiwa. Ba taro, ba rago. Ya yi addu'a ya tambayi suna. Na rubuta a takarda, da na tuna ba ya karanta ajami sai na miƙa wa Hannatu, wadda ta ɗan farfaɗo a ranar, na raɗa mata ta faɗa. Saratu, sunan mahaifiyata. Kulle biyu ke nan a bakina, ga kunyar 'yar fari, ga sunan uwa. Mutanen gida suka sa mata Uwani.

Ɗanladi mahauci, ɗan garinmu, shi kaɗai ya gano abin da ke cikin rigar. Ya kawo mana ƙashin miya, ya tsaya a ƙofa yana kallona. "Malam Ishaku, barka da sauka. Yaushe za a fara maka wankan jego? In kawo kauri?"

Na ce, "Ɗanladi, don girman Allah, kada maganar nan ta je gida."

"Ni? Bakina ƙanin ƙafata." Ya matso ya leƙa wuyan rigar, dariyar ta ɗauke masa. Ya ajiye ƙashin ya fita bai yi sallama ba.

Rana ta goma sha biyu, wajen azahar, Iya ta tafi karɓo wa Hannatu magani. Ruwa ya ɗan tsagaita. Sai na ji sallama a tsakar gida, muryar da ko a mafarki na san ta. Baffa Ayuba ne, ƙanin mahaifina, wanda ake aikowa ya duba ni in ba ni da lafiya. Ya biyo motar shanu, ya kawo amsar wasiƙa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Hannuna ne ya kwance zanen. Na ce a raina ai gaisuwa ce kawai, kuma kwana takwas tana shan ɗumi, ta yi ƙwari. Na kwantar da ita a gefen Hannatu da ke barci, na lulluɓe ta da zane uku, na gyara riga na fita.

Wanda ya san gaisuwar mutanenmu ya san ba a yi mata gaggawa. Na durƙusa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na tambayi mahaifina, na tambayi gida-gida, da shuka, da wanda ya rasu, da wanda ya yi aure. Na kawo masa ruwa. Ya ce, "Yaya baƙuwa?" yana kallon wani wuri. Na ce, "Tana nan," ina kallon wani wurin. Ya ciro wasiƙar daga aljihu ya ce in karanta a fili, don shi ba ya karatu. Mahaifiyata ta sa an rubuta cewa ƙafa ta hana ta tafiya, a nemi ganyen darbejiya don wanka, a dama kunu da kanwa, a rufe ɗaki da garwashi. A ƙarshe ta ce in tuna ko ɗan wane ne ni, kada zaman bariki ya sa in zubar da kunya. Baffa ya gyaɗa kai. Ƙirjina yana ta shan iska, ina jin wurin da take kwanciya yana hucewa, amma na zauna. Ruwa ya dawo, muka matsa ƙarƙashin rumfa, muka ci gaba.

Ban san tsawon lokacin ba. Na ga dai Iya ta shigo da lema, ta dube ni, ta dubi rigata da ta faɗa, ta wuce ɗakin ba ta gaida baƙo ba. Sai na ji ta ce, "Tela." Ba da ƙarfi ba.

Yarinyar ta koma launin toka. Leɓɓanta sun yi duhu. Ƙirjin ba ya motsi. Iya ta juya ta tana murza bayanta da yatsu biyu, tana ɗallin tafin ƙafarta, tana hura mata iska a fuska, tana karanto abin da ta sani na addininta. Hannatu ta farka tana tambaya me ya faru. Maɓallan rigar suka ƙi buɗuwa, na fizge ta ta yage. Na karɓe ta na manna a ƙirjina, sanyinta ya ratsa ni har baya. Sai na ji wata murya tana cewa, "Saratu. Saratu, ga ni. Saratu." Sai da na faɗa sau da yawa kafin na gane tawa ce.

Baffa yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ga komai, ya ji komai. Ya juya fuskarsa ga bango. Can sai na ji motsin tufa, ya tuɓe babbar rigarsa, mai warin shanu da hanya, ya matso da baya-baya ya miƙa wa Iya. Ta lulluɓe mu da ita.

Muka zauna. Ba abin yi. Ruwa yana zuba, Iya tana murza ɗan bayan ta cikin zane, ni ina ƙirga abin da babu. Ban yi wa Allah alkawarin komai ba, don ba ni da abin bayarwa. Na ce masa dai ni na ajiye ta, ya gani, kada ya ajiye ta shi ma. Daga nan sai wani ɗan motsi kamar fiffiken fara. Ya tsaya. Ya dawo. Sai da la'asar ta yi kafin launinta ya fara komawa ja, ta yi ɗan kukan kyanwarta, Iya ta ɗiga mata nono ta haɗiye.

Baffa bai kwana ba, motarsu za ta juya. Na raka shi iyakar ƙofar ɗaki da ita a ƙirjina, ba riga. Ya ce, "Ni ban ga komai ba. In na koma zan ce na same ku lafiya." Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya. "Ranar da aka haife ka, ubanka wuni ya yi a bayan ɗakin uwarka yana gyaran danga. Dangar nan kuwa lafiyarta ƙalau." Ya sa ɗayan ya tafi, ya bar rigar.

Kwana ashirin da shida na ƙara da ita a jikina. Ban sake kwance ta ba sai don a goge ta, har Hannatu ta samu ƙarfi muka riƙa karɓar juna. Ranar da rana ta fito sosai, aka baza gawayi a tsakar gida yana tururi, na ce wa Iya, "Mun tsallake."

Ta ce, "Mu wa? Kada kanka ya kumbura, Tela. Kai kasko ne kawai. Wani ne ya zuba garwashin."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ban san abin da ya dawo da numfashin ba, na san dai wanda ya kusa tsayar da shi. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka karanta mana yadda Allah ya yi magana daga sama a bakin kogi, a gaban taron jama'a, ya nuna Ɗansa ya ce nasa ne kuma yana ƙaunarsa, sai in ji kunya ta kama ni a madadinsa, daga baya kuma in ji wani abu ya kwance. Ɗan fari ne fa, kuma tilo. In Kirsimeti ta zo aka yi maganar jariri a komin dabbobi, ni ba waƙar mala'iku nake ji ba. Tambayata ita ce wa ya ɗumama shi, don na san yadda ƙafar jariri take in sanyi ya kama ta. Mai riƙe da numfashin kowa ya yarda ya kwanta yana jiran ƙirjin wani. Wannan ya fi ƙarfin kaina, na bar shi a haka.

Kunyata kuwa na koma na ɗauka a bakin ƙofa, kamar yadda Iya ta ce. Iya ta riga mu gidan gaskiya da daɗewa. Uwani tana aure a unguwar Idi-Araba, nan Legas, 'ya'yanta huɗu. Ban sake kiran sunanta ba tun ranar, sai dai in rubuta shi a littafin addu'ata, inda ba ta iya karantawa. Ba mu taɓa ba ta labarin ba.

Sanyin bana ya saukar mini da tari. Shekaranjiya Uwani ta ratso ruwa ta zo da man zafi da kunu a fulas. Ba ta nemi izini ba, 'ya'yan Legas ba sa nema. Ta buɗe mini maɓallai ta shafa man, ta bar tafin hannunta a tsakiyar ƙirjina, daidai wurin. Na kawar da kai ina kallon bango. Numfashina yana ja yana tsayawa, na ga leɓɓanta suna motsi, ban sani ba ko addu'a take ko ƙirge.

Ta ce, "Baba, ƙirjinka ya yi sanyi da yawa."

Hannatu tana bakin ƙofa tana fifita gawayin da ya ƙi kamawa. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ke kika shanye ɗumin."